Hanyar da Kaka Ya Ba Su

Har yau in na wuce wurin mai facin taya na shaƙi warin gam ɗin nan, sai in tuna gidanmu. Shi ne warin da ya cika zaurenmu a unguwar Maamobi shekarar da ruwa ya ƙi sauka, daji ya yi ta ci da wuta. Ina yarinya lokacin, amma na isa goyo, ƙanena kuwa kullum yana bayana. Nonon Mma ya ƙafe, kokon da ake dama masa ruwa ne zalla. Kowace safiya in na ɗaura zani sai in ji ya rage nauyi.

Mota babu, don babu mai. Babban titi kuma shinge ne bayan shinge, duk wanda aka gani da buhu sai a ce ɗan kalabule ne, mai ɓoye abinci, a ƙwace. Shi ya sa Babanmu da kawuna suka shirya bin daji a keke su samo masara. Hanya kuwa Kaka ne ya ba su. Kaka mahaifin Baba ne, tsohon farke, ya yi fataucin goro da ƙafa tun kafin a haifi kowa a gidan. Idonsa ya tafi, amma hanyar tana kansa zango zango, yana jero ta kamar mai tilawa: inda rijiya take, rimin da ake kwana a gindinsa, mashigin kogi, sai garin mai masaukinsa, wanda a cewarsa rumbunsa ba ya ƙarewa.

Kowa a unguwarmu ya san an datse kogin nan, ai wutar lantarkinsa muke kunnawa. Kawu ya buɗe baki zai yi magana, Baba ya kalle shi, ya haɗiye. A gidanmu ba a musu da tsoho. Suka lallashi kansu cewa ruwan ba zai kai can ba. Wannan shirun har gobe ban yafe shi ba.

Ina tsaye suka ɗaure kaya: tabarma a naɗe, jarkar ruwa, buta, adda, famfon keke, gam, tsohon tib na taya da aka yayyanka don faci, ɗan garin rogon da Mma ta rage daga bakinmu, da buhuna wofi a ninke. Buhunan nan na fi kallo.

Bayan sun tafi, kullum da hantsi Kaka zai ɗaga kai ya ce, "Jiya sun kwana gindin rimi." Wata rana, "Yanzu suna haye kogi." Mma ta ce, "Allah shi sa, Baaba." Ranar da ya ce za su iso ta zo ta wuce.

Daga baya Kawu ya ba ni labari. A kan toka suke kwana, don dajin ya ƙone ƙurmus. Ƙaya ta cinye facin, suka cusa busasshiyar ciyawa a taya suka ci gaba. Rimin yana nan, rijiyar ma tana nan. Sai wata safiya suka gangara wani tudu. "Hanya ya shiga ruwa, bai fito ba," in ji shi. Ruwa iya ganin ido, matattun itatuwa a tsaye a ciki. Wani masunci ya nuna musu tsakiyar tafkin, ya ce garin yana ƙasa, mutanensa an daɗe da kwashe su. Suka bi ƙauyuka suna roƙo, Kawu ya ba da kekensa aka auna musu rabin buhu, suka juyo suna tura ɗayan.

Da la'asar suka shigo, Baba ya rame har na so ban gane shi ba. Ya dubi bayana, ya ga ba goyo, bai tambaya ba. Tun Juma'ar da ta wuce aka kai ƙanena makwancinsa.

Kaka ya laluɓo hannunsa. "Kun samu mai masaukina lafiya?"

Baba ya durƙusa. "Lafiya lau, Baaba. Yana gaishe ka."

Mma ta tashi ta shige ɗaki. An yi tuwo da masarar nan, na tsane shi, na kuma cinye nawa tas.

Kaka ya rasu bai san komai ba. Yanzu jikokina a waya suke duba hanya, kuma a gaban baƙi suke gyara mini magana. Sa'o'ina suna cewa tarbiyya ta lalace. Abin yana yi mini zafi, ba zan ɓoye ba, amma ban taɓa hana jikokin ba. Da ƙanena yana nan, da yanzu shi ma ya yi furfura.