Jitar da Ke Cinye wa Si Kaddur Batir

Duk wanda aka yi wa biki a unguwarmu ta Hamri, nan Wahran, cikin shekara talatin da biyar ɗin nan, ya taka rawa a kan kiɗan Si Kaddur, ko da bai san fuskarsa ba. Shi ne dogon nan da ke tsayawa can baya kusa da sifika, rungume da jitar bas, mai tsirkiya huɗu masu kauri, wadda ake jin muryarta a ƙirji kafin a ji ta a kunne. Ni Bu'alam gyaran rediyo nake yi, kuma tun muna yara nake fama da shi.

Mutum ne mai ƙaiƙayin ƙafa. In ya shigo shagona sai ya taɓa wannan ya ajiye, ya leƙa titi, ya dawo ya yi mini tambaya, kafin in buɗe baki ya fita neman kofi. Ya yi dako a tashar jiragen ruwa, ya bari. Ya yi tuƙin tasi wata uku, ya bari, wai jiran danja na sa masa ciwon kai. Abu biyu kawai na san ya riƙe bai saki ba, kiɗa da matarsa Zubida.

Tsohuwar jitarsa ba ta san wata fitina ba. Katako ne da waya da maganaɗisu, shi ke nan. Da wuyanta ya lanƙwashe har yatsa ba ya iya danne tsirkiya, sai 'yarsa da ke aure a Faransa ta aiko masa da sabuwa, ja wur, mai sheƙi. Ita wannan, mikro ɗinta, wato 'yan akwatunan nan baƙaƙe da ke ƙarƙashin tsirkiya suna ɗaukar sauti, ba sa aiki sai da batir. Ƙaramin batir ne mai kusurwa huɗu, yana ɓoye a bayan jitar. An yi ta yadda sai an cusa waya a raminta batirin zai fara aiki, in an zare ya huta. Batir ɗaya ya kamata ya kai mutum wata shida.

Na Kaddur bai kai kwana goma ba.

Ranar da ya fara kawo mini ita, bai ko yi sallama ba. Ya ɗora ta a kan rediyon wani.

"Likitan rediyo, ga mara lafiya. Jiya a tsakiyar waƙa ta fara tari, can sai ta yi shiru. Amarya na tsakiyar fili."

"Sauke mini ita daga kan kayan mutane tukuna. Kana zare wayar in ka gama kiɗa?"

"Ina zarewa."

"Ƙarya kake yi. Kai da ko ƙofar gidanka sai an rufe maka."

"Wallahi ina zarewa, ɗan'uwa. Ka tambayi kowa."

Na auna batirin da mita, ya mutu murus. Na sa sabo, muryarta ta dawo garau, na kore shi. Bayan mako guda ya dawo. Na ce wayarsa ce, na ba shi tawa. Ya dawo. Na ce batiran kasuwar Madina Jadida ne, rabinsu sun kwana biyu a rana, na aika aka sayo na kantin magani. Ya sake dawowa. Na bi duk wani haɗin waya da ke cikinta na sake like shi da dalma, har da waɗanda ba su yi laifin komai ba. Abin da ya fi ba ni haushi, a shagona lafiyarta ƙalau. Sai ya tsaya ya yi ta kaɗa ta awa guda, yana kai da komo har ya dami maƙwabta, ko tari ɗaya ba ta yi.

Ana cikin haka Milud ya zo da kansa. Shi ne mawaƙin da ke riƙe da ƙungiyar makaɗan su Kaddur, kuma ba mugun mutum ba ne, amma sau uku ke nan yana shan kunya a gaban jama'a. A gabana ya faɗa.

"Si Kaddur, ka girme ni, kuma tare muka fara. Amma ranar Alhamis ta sama bikin 'yar yayata ne. In ta sake mutuwa, Tayib zai riƙa yin bas da hannun hagu a fiyanonsa. Ya ce zai iya."

"Da hannun hagu? Wannan da ko shayi bai iya zubawa da hannun dama ba?"

"Na dai faɗa maka."

Bayan ya tafi Kaddur ya yi ta zagaya shagon yana zagin Tayib da fiyanonsa da wanda ya ƙera fiyanon. Amma ni na tsorata, don na san in aka raba mutumin nan da kiɗa ban san inda zai sa kansa ba.

Na ce ya bar mini ita kwana biyu. Na haɗa mita tsakanin batir da jitar, ba waya a ramin, ba komai. Allurar ta motsa. Ashe ko tana rataye a bango shan batir take yi. Na kwance ramin wayar gaba ɗaya na fito da shi, na kai shi bakin ƙofa inda akwai haske. Tsakanin ƙarafuna biyun da bai kamata su haɗu ba sai an cusa waya, wata koriyar tsatsa ta yi gada, da danshi-danshi. Na kai hanci. Ƙanshin ruwan furen lemo ne, irin wanda ake yayyafa wa baƙi a biki.

Da ya zo na tare shi da murna. "Na kama ɓarawon! Matan biki ne. In sun zo yayyafa wa makaɗa ruwa, ka juya musu baya."

Maimakon ya yi murna sai ya kau da kai. "Ni da nake can baya, wa ke isowa wurina?"

"To aljanu ne suka yi mata wanka?"

Ya ce yana da uzuri, ya ɗauki jitarsa da sabon ramin da na sa mata ya fita. A lokacin ban kawo komai a raina ba, na ɗauka halinsa ne na kullum.

Ranar Alhamis ɗin na kasa aiki. Bikin na mata ne, da la'asar za a fara. Ana idar da azahar na zuba batir biyu da sukudireba a aljihu na nufi gidansa, don in duba ta da idona kafin ya fita. Hawa na uku suke. Zubida ta buɗe mini, ta kawo kofi da makrud, cincin ɗinmu mai dabino, tana tsokanata wai na tsufa har yanzu ban koyi guga ba. Kaddur ya sa kwat ɗinsa, yana leƙa taga yana dawowa. Na duba jitar, komai daidai, a bushe. Can motar Milud ta yi oda a ƙasa.

Sai Zubida ta ce, "Tsaya mana, sarkin gaggawa."

Ta ɗauko 'yar butar azurfa mai dogon wuya daga kan kabad. Ta yayyafa masa a tafin hannu da ƙeya. Sannan ta juya kan jitar da ke kwance a kujera, ta bi ta tun daga kai har gindi, tana motsa baki. Ta zuba a kan mikro, ta zuba a gindin maɓallan murya, ta karkata ta ta ɗiga a cikin ramin wayar, da kulawa, yadda ake ɗiga wa jariri magani.

Na miƙe tsaye, maganar ta riga ta zo bakina. Kaddur ya damƙe mini wuyan hannu, damƙar ɗan dako, har sai da na ji ƙashina.

Zubida ta dube ni tana murmushi. "Kada ka yi mini dariya, Si Bu'alam. Tun shekarun nan na tsoro na fara, lokacin da makaɗi in ya fita ba a san ko zai dawo ba. Ban taɓa fashi ba, shi ma bai taɓa fashin dawowa ba."

A matakala na balbale shi da faɗa, murya ƙasa-ƙasa.

"Ka sani! Wata biyu kana wahalar da ni, ka sani!"

"Zargi nake yi. Sai ranar da ka ce furen lemo na tabbatar."

"To ka gaya mata mana! Ta zuba maka a kai, ta zuba a takalmi, ta bar jitar!"

"In ce mata me? Abin da take tsare ni da shi shekara talatin shi ke kashe ni? Kai ka je ka faɗa."

Milud na ta oda. Na goge abin da zan iya da gefen rigata, na hura ramin, amma ruwan ya riga ya gangara ciki, kuma ba lokacin kwancewa. Na bi su wurin bikin na tsaya a bakin ƙofa. Waƙa biyu ta yi lafiya. A ta uku ta fara ƙarar soya ƙwai, ta dawo, ta sake, sannan ta ɗauke. Milud bai ko waiwaya ba, ya ɗaga wa Tayib yatsa. Mata suka ci gaba da rawa da guɗa, babu wadda ta lura. Wannan ne ya fi yi mini ciwo.

Washegari na wanke cikin jitar, na shanya ta, na toshe duk wata kafa da kakin zuma, na yi wa ramin murfin roba ta ciki. Aikin awa biyu ne. Yanzu ko a teku aka tsoma ta sai ta yi kiɗa. Amma Milud ya riga ya gano cewa mutum huɗu sun ishe shi, kuma sauran ƙungiyoyi duk fiyano suke bi.

Kaddur bai gaya wa Zubida ba. Duk Alhamis sai ya sa kwat, ta yayyafa masa ruwa, ya sauko da jitarsa ya zo shagona. Ya haɗa ta da tsohuwar sifikata, ya yi ta kaɗawa yana kai da komo yana duba agogo, har ya ga lokacin tashin biki ya yi.

Watan jiya, wata safiya, sai ga Zubida da rediyon kicin a hannu. Na kunna, lafiyarsa lau. Ta tsaya tana kallon jitar wani da ke rataye a bango.

"Si Bu'alam, ka ce masa ya daina dawowa da wuri. Bikin mata ba ya tashi kafin magariba, kowa ya sani."

Na kama goge rediyon da ba shi da ƙura.

Ta ce, "Ruwan ne, ko?"

"Wane ruwa, Lalla Zubida? Da ciwonta ta zo daga Faransa. Kayan yanzu ne, ba su da ƙarko."

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta ɗauki rediyonta ta rungume.

"Allah ya saka maka. Kada ka ce masa na zo."