Kitson Dudu da Ɗakin Masu Damuwa

Har na yi ritaya ban manta da ranar da sufeto ya zo duba ɗakin damuwarmu ba. Lokacin ina koyarwa a wata sakandaren 'yan mata a Dubeli. An ɗora mini aikin malamar nasiha, ba don na iya ba, sai don na fi kowa ƙarancin darasi.

Gwamnati ce ta ware kuɗi a horar da ɗalibai su riƙa sauraron 'yan uwansu masu damuwa a rai. Shugabanmu, Malam Bobbo, ya sa aka yi wa tsohon sito fenti, daf da ofishin malamai, aka kafa allo da manyan haruffa: ƊAKIN MASU DAMUWA. Masu sauraron kuwa, cikin firifet-firifet ya zaɓo su, waɗanda ke rubuta sunayen masu surutu. Ga rajista a bakin ƙofa: suna, aji, matsala. Wannan fa a garin da yarinya za ta taka ƙaya ta ce maka lafiya lau. Zango guda cur ƙadangare kaɗai ya shiga, shi ma bai sa hannu ba.

Da takarda ta iso cewa sufeto na tafe, kuma in bai ga aiki ba za a janye shirin, Malam Bobbo ya kira ni.

"Malama Rifkatu, a samo yarinya mai shiru ta ce lissafi ke hana ta barci. Kar ta ƙara, kar ta rage."

"Ranka ya daɗe, damuwar haya za mu ɗauko?"

"Ta aro ce. In ya tafi ta mayar."

Aka zaɓo Dudu, 'yar aji biyar daga Damare. Da safe ina gyara mata ɗankwali na ga kitsonta ya tsufa, duk ya cukurkuɗe. Na ce wa Ngozi, shugabar ɗalibai da yara ke kira Adda, wato yaya, wadda za ta yi wasan sauraron, ta kai ta bayan sito ta kitse shi da sauri. Na bi su da man kitso, amma na tsaya a kusurwa saboda abin da na ji Ngozi na faɗa.

"Dudu, wannan kai ya kai wata uku fa. Mama naka ba ya gani?"

Dudu ta ba ta baya, idonta a ƙasa. Can ta ce, "Inna ce ke yi mini, Adda. Ta rasu a hutu."

Daga nan magana ta ɓalle. Ba ta barci, ba ta gane komai a aji, ta riga ta yanke cewa daga Juma'a ba za ta dawo makaranta ba. Ngozin da na sani da tsawa kawai ta ce a hankali, "Yi magana, ina ji. Kai ɗin da saura." Kunya ta rufe ni. Yarinya a ajina, wata uku, ban sani ba.

Sai ga Malam Bobbo da gumi, sufeto ya iso.

"Malama, ina mai damuwar?"

"Tana da damuwa, ranka ya daɗe. Ba za ta samu zuwa ba."

Sufeto ya sha lemo, ya duba rajista fara fat, ya tafi. Aka janye shirin, ni kuma na samu takardar tuhuma, tana nan a akwatina. Na saka benci da mataji a bayan siton, ba allo, ba rajista.

Ranar na gane cewa yaranmu ba sa faɗin ciwonsu ido cikin ido, sai an zauna a bayansu da wani aiki a hannu. Ngozi ta riga ni ganewa. Rabin kan kawai ta kitse, ta ɗaura wa Dudu ɗankwali ta ce, "Hannuna ya gaji. Litinin ka zo in ƙarasa."

Ran Litinin Dudu ta riga mai gadi zuwa.