Tufkar Hagu: Zuwa Ga Tasi'u Bahago

Ranar Juma'a, 17 ga watan Oktoba, da hantsi, ina cikin shinkafa ina fama da tsuntsaye, sai na hango Kamaruddeen ya biyo gefen magudanar ruwa ba takalmi a ƙafarsa. Tun bai buɗe baki ba na gane. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Yayansa, Malam Tasi'u Ja'afar, wanda duk fadamar Watari ta sani da Tasi'u Bahago, ya amsa kiran Mahaliccinsa bayan jinyar kwana tara, yana da shekara hamsin da huɗu. An yi masa sallah bayan an sauko daga masallaci.

Tasi'u, da kai zan yi magana, domin shekara talatin ke nan akwai maganar da na riƙe. Kuma tun da ranar wanka ba a ɓoyon cibi, bari in fara da wannan: da na ga sahun jana'izarka ya cika fili ya tsallaka har gindin tsamiyar makaranta, kuka nake yi, amma wani abu a ƙirjina yana cewa, ka ga, har mutuwar ma Juma'a ya samu. Astagfirullah. Haka na zauna da kai duk tsawon rayuwarmu, ina son ka ina jin ƙyashinka.

Sa'o'in juna ne mu, gonarmu iyaka ɗaya. An haife ka bahago, kuma kowa ya san yadda Innarka ta sha ƙwala maka ludayi a bayan hannu duk lokacin da ka kai hagu cikin akushi. Ludayin nan ya koya wa damarka aiki, amma bai kashe hagun ba. Sai ka tashi da hannu biyu, mu muka tashi da ɗaya.

Wanda bai taɓa tsaron shinkafa ba, ba zai san darajar wannan ba. Idan ta fitar da kai, tsuntsayen jan-baki sukan sauko kamar hayaƙi, kafin ka sha ruwa sun tsotse wahalar wata huɗu. Wasu gwangwanaye suke kaɗawa, wasu majajjawa, wasu ihu har murya ta dishe. Mu kuwa bulala muke tufkawa da ɓawon rama, doguwa, gaba biyu da rabi, a wulwula ta sama a fizgo, ta yi ƙara kamar bindiga. Sai dai tsuntsu ba wawa ba ne. Tsakanin bugu da bugu akwai ɗan shiru, lokacin da mutum yake sake ɗaga hannu, kuma a cikin shirun nan suke sauka. Kai ba ka da wannan shirun. Dama ta ce tas, kafin ta sauka hagu ta ce tas, haka za ka yi ta yi kana tafiya a kan iyaka, wani lokaci har da ɗan rausaya kafaɗa kamar mai jin kalangu. Masu babur sukan tsaya a bakin hanya su yi kallo. Ni ma ina da bugu mai kyau, wallahi ina da shi, amma ban taɓa ganin an kashe babur saboda ni ba.

Ba ka yi rowar baiwarka ba, wannan kowa shaida ne. Gonar Inna Hure, tsohuwar da 'ya'yanta suka tafi Legas, shekara goma sha ɗaya kai ne ka tsare ta, abin da kake karɓa kawai ƙoƙon fura. Idan maƙwabci ya tafi sallah, ba ya ma cewa ka duba masa, ya san kunnenka yana can. In an yaba ka sai ka yi dariya ka ce a gode wa ludayi. Ko wannan sauƙin kan naka haushi yake ba ni. Na fi so ka yi fahari, in sami abin kamawa.

A ɓoye na yi ta koyo. Da zarar rana ta take, mutane sun koma inuwa, sai in shige cikin gonar dawar maƙwabcinmu Dallatu inda ba mai gani, in mayar da bulalata hannun hagu. Me zan samu? Wani fuf kamar an kakkaɓe buhu. Ta naɗe mini wuya, ta tsage mini kunne, tabon yana nan har gobe. Kuma bayan kwana biyu sai in ga igiyar ta saki, in zauna in sake tufkawa. Shekara da shekaru ina tufka da warwara, a zahiri ba a karin magana ba.

Ka taɓa kama ni sau ɗaya. Ka ratso dawar, ka tsaya kana kallon jinin kunnena, ka ce, "Hadi, miƙo igiyar nan in gani."

Na ce, "Maciji nake kora."

Ka ce, "To Allah ya tsare," ka juya. Da na miƙa maka a ranar, da ba wannan takardar nake rubutawa ba.

Ga maganar da na riƙe. Wata la'asar, a majalisar gindin darbejiya, wani ya ce wai shin yaya Tasi'u yake yi ne? Ba ka wurin. Sai na ji bakina ya ce, "Hannun da ake tsarki da shi ba ya irin wannan aiki shi kaɗai. Akwai mai riƙe masa." Ban ƙara ko kalma ba, ban kuma buƙaci ƙarawa ba. Kafin kasuwa ta zagayo, gari ya ɗauka cewa aljani ne da kai. Aka daina aiko maka da tuwon suna. Mutanen da kuke cin kwano ɗaya suka riƙa cewa sun ƙoshi. Liman ya kira ka zaure ya yi maka tambayoyi. Kusan shekara biyu kana cikin wannan, kuma kullum da safe sai ka ɗago mini hannu daga iyaka ka ce, "Hadi, an tashi lafiya?" Ni kuma in amsa. Jama'ar garinmu, ku ji da kyau: ƙarya ce, ni na ƙirƙire ta, hassada ce ta sa ni.

Shekarar da na faɗi a babur na karye a cinya, shinkafata tana fitar da kai. Ina kwance gidan mai ɗori na riga na sallama ta. Ka zo duba ni, ka ce, "Kwantar da hankalinka. Dama tawa, hagu taka." Kwana arba'in ka yi a kan iyakarmu. Hannun da na ɓata wa suna shi ya ciyar da gidana a shekarar. Na yi maka godiya a gaban mutane, amma a zuci cewa nake yi, shi ke nan, ya sake fi na.

A maƙabarta liman ya roƙi jama'a su yafe maka. Kowa ya ce ya yafe, ni ma na faɗa, harshena yana ɗaci. Me zan yafe? Ni ne mai neman yafiya, kuma wanda zai ba ni ita ana zuba masa ƙasa.

Ranar addu'ar uku, bayan an shafa, Kamaruddeen ya ja ni gefe ya miƙo mini wani abu a naɗe cikin tsohon zanen matarka Juwairiyya. Bulala ce sabuwa. Ya ce a zaune ka tufka ta, a kwanakin farko na jinya, kafin hannu ya gaza. Ya ce, "Yaya ya ce a ba ka. Ya ce igiyar dama in ta shiga hagu warwarewa take yi, sai an juya tufkar. Ya ce a gaya maka wannan tufkar hagu ce, babu aljani a ciki."

Na karɓi bulalar. Na ce, "Da wace fuska ya faɗa?"

Ya ce, "Dariya yake yi, har tari ya sarƙe shi."

Ashe ka sani, Tasi'u. Tun yaushe? Ashe duk gaisuwar nan ta safiya kana sane kake yi. Kuma dubi halina: ko a lokacin, tsakanin kunya da kuka, sai da na ji ƙyashin irin zuciyar da Allah ya ba ka ya hana ni.

Washegari na fita da ita. Na wulwula da hagu na fizgo. A karo na uku ta ce tas. Tsuntsaye suka tashi, mutanen da ke gonakin nesa suka miƙe suna waiwayen wajen iyakarmu, sannan ɗaya bayan ɗaya suka sunkuyar da kai. Shekara talatin ina neman wannan ƙarar domin ka ji ta.

Allah ya jiƙanka, Tasi'u. Allah ya yalwata kabarinka, ya haskaka shi, ya miƙa maka littafinka a hannun dama. Yadda ka rufa mini asiri a duniya, Allah ya rufa maka a lahira. Ina miƙa ta'aziyya ga Juwairiyya da 'ya'yanku shida, da Kamaruddeen, da Inna Hure wadda har yanzu ba ta daina tambayarka ba, da duk manoman Watari. Allah ya ba mu haƙuri, ya kyautata namu zuwan. Wanda duk ya taɓa maimaita ƙaryata, ya nema maka gafara, ni ma ya nema mini.

Juwairiyya, kada ki damu da shinkafar. Saura mako biyu a yanke, kuma ina kan iyaka tun fitowar rana. Dama tawa, hagu tasa.

Hadi Muhammadu Sani