Kwakwar Kawu Idrees

Ranar Talata, tara ga Mayu, bayan la'asar, Allah ya karɓi ran Kawu Idrees Fulhu, tsohon matuƙin jirgin kamun kifi na tsibirinmu. Daga Allah muke, gare shi za mu koma.

Kawu, ni ce Shareefa ungozoma, wadda kake tsokana da "likita babu kwali". Yabonka na zo yi, amma wallahi a tsorace nake.

Shekara shida ke nan da aka jawo mana wayar sadarwa ta ƙarƙashin teku. Ta cikinta likitan Male, babban birninmu, ke duba min masu naƙuda, ya ce yi kaza, bar kaza. Alamun da kamfanin wayar ya sa a ruwa don nuna inda take, daminar farko ta kwashe su. Ba wanda ya ɗauke ka aikin gadin wayar, amma da jirgi ya doso mashigar tsibirin zai saki anga, ƙarfen tsayar da jirgi, sai ga ka cikin kwalekwale: "Kai ɗan'uwa, ɗage angar nan! Kan cibiyar jikokina za ka sake ta?" Matuƙa su yi ta gunguni, ka bi su da busasshen kifi kana ba su haƙuri.

Na taɓa tambayarka yadda kake gane wurin. Ka ce, "Ke dai riƙe almakashinki. In kina cikin ruwa, kan karkatacciyar kwakwata ya rufe hasumiyar masallaci, to kina bisa waya." Na yi dariya, ban gaya wa kowa ba.

Ranar jana'izarka ina wajen wata haihuwa. 'Ya'yanka suka ce babu abin da kake so kamar bishiyar kwakwar nan, suka sare ta, suka yi itacen kabarinka da ita. Ƙauna ce, ban ga laifinsu ba. Nawa nake gani. Na je na tsaya kan kututturen, amma kanta ne alamar, ba gindin ba.

Yanzu iskar damina ta taso, baƙin jirage sun fara fakewa a mashigarmu. 'Yarka Sameera na da cikin wata takwas, jaririn a gicciye. In wayar ta tsinke, ga teku ba ta ƙetaruwa da damina, daga ni sai ita a ɗakin.

Allah ya jiƙanka Kawu, ya yalwata maka kabarinka. Ina miƙa ta'aziyya ga matarka Inna Dhon Kamana da 'ya'ya da jikoki. Ya Allah, ka riƙe hannun duk mai sakin anga, har Sameera ta sauka lafiya.