Tsatsar da Na Yi wa Jirgin Jamus

Na yi shekara bakwai a Riyad, kuma yawancin abin da ya same ni a can ya bi iska. Amma maganar jirgin ruwan nan ba zan manta da ita ba har ranar da za a kai ni makwancina. Yau furfura ta cika mini kai, amma da na shaƙi warin tina, ruwan tsinka fenti, sai in ji zuciyata ta tafasa kamar jiya abin ya faru.

Wajen tsakiyar shekarun casa'in ne. Ina aikin fentin mota a wani gareji a Gubaira, unguwar da ba ka jin komai sai ƙarar guduma da injin walda. Wanda ya kawo ni ƙasar ɗan wan mahaifina ne, Yaya nake ce masa, shi ne direban gidan mai garejin. Mai garejin kuma shi ne kafilinmu mu biyu, wato da sunansa muke zaune a ƙasar. Fasfo ɗinmu na cikin durowarsa, takardar iƙamarmu ta izinin zama kuma sai ya sa hannu ake sabunta ta. Ɗaki ɗaya muke kwana da Yaya a bayan garejin. Duk abin da hannuna ya taɓa a garin nan na wani ne. Mota ta wani, launi zaɓin wani, har katifar da nake kwana a kai ta kafili ce.

Wata Alhamis da yamma na shiga wani kantin kayan wasa, ba don sayayya ba, don in sha sanyi ne kawai. Sai idona ya faɗa kan wani dogon kwali mai hoton jirgin yaƙin Jamus na zamanin da, tun kafin yaƙin duniya na farko, lokacin da jirage ke cin gawayi. Bututun hayaƙi uku, dogayen sanduna biyu, hancinsa ya turo gaba ta ƙasa kamar haɓar tsoho. Ni mutumin Gusau, ban taɓa ganin teku ba sai ta tagar jirgin sama, amma na kasa ajiye kwalin. Da na buɗe shi a ɗaki ban tarar da jirgi ba, sai ɗaruruwan gutsattsarin roba a maƙale da juna, da takardar zane mai nuna inda kowanne zai shiga.

Yaya ya leƙo ya ce, “Yanzu kai da gemunka, abin da ka ƙetaro ƙasa ka zo yi ke nan? Wasan yara?”

Na ce, “Yaya, ai ba zai hana ni aiki ba.”

Ya ce, “To kada dai mutanenmu su gani su kai labari gida, a ce na kawo ka ka zauce.”

Wata takwas na yi a kan jirgin nan. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, sauran ranaku kuma tsakanin tashi daga aiki da magariba. Kowane gutsure sai na yanke shi da reza, na goge bakinsa da samfefa mai laushi, kafin in ɗiga masa gam da tsinin allura. Da na haɗa gangar jikin na ga ɗinkin tsakiya ya fito, sai na cike shi kamar yadda muke cike lotsawar mota, na goge har ya ɓace. Tagogin jirgin zane kawai aka yi musu a jikin robar, ni kuwa na ce ban yarda ba, na bi su ɗaya bayan ɗaya na huda. Shingen da ya zo a kwalin ya yi kauri, kamar an kewaye jirgin da turakun garke, sai na jefar da shi na warware wayar tsohuwar mota, na ciro siraran jan ƙarfen ciki na ƙera nawa. Igiyoyin sanduna kuwa, ragowar robar nake gasawa a kan kyandir, in ta yi laushi in ja ta ta miƙe ta zama siririya kamar gashi, in ɗauka da matsefata in liƙa ina riƙe da numfashina. Tutarsa kaɗai na bari a kwali, don tana da gicciye, kuma ba na neman rigima da kowa a garin mutane.

Fenti kuwa sana'ata ce. Na haɗa toka-toka na sama, ja na ƙasa inda ruwa ke rufewa, na yi wa daɓensa launin katako layi-layi. Zafin Riyad na busar da fenti tun yana bakin buroshi, ƙura kuma ba ta neman izini, don haka kullum jirgin na ƙarƙashin kwali a kan teburina. Da na gama na tsaya na dube shi, sai na ga bai yi mini ba. Ya yi tsaf da yawa, kamar bai taɓa shiga ruwa ba. A nan na shiga aikin da na fi alfahari da shi. Na tsinka fenti ruwan ƙasa na zana tsatsa tana gangarowa daga ramin sarƙar anga, ƙarfen da ake jefawa a ruwa don tsayar da jirgi. Na kankare gawayi na shafa wa bakunan bututu baƙin hayaƙi. Na dusashe inda ƙafafun ma'aikata za su riƙa takawa. Mako shida wannan kaɗai ya ci. Ni da nake wuni ina ɓoye tsatsar motocin mutane, ga ni ina zana ta da gangan, kuma ban taɓa jin daɗin aiki kamar wannan ba. Shi ne abu ɗaya tak a ƙasar nan da ba wanda ya sa ni, kuma ba wanda zai ce nasa ne.

Haka nake zato. Ana nan sai zazzaɓi ya kwantar da Yaya kwana uku. Ran na ukun ina gareji, ashe kafili ya zagaya ta baya ya shiga duba shi. Da na tashi aiki na shiga ɗaki, na tarar da kwalin a kife a ƙasa, tebur fayau. Yaya na zaune a kan katifa fuskarsa har sheƙi take yi, kamar ba shi ne mai ciwon ba.

Ya ce, “Ka san wa ya zo nan? Shi da kansa, da ƙafarsa. Ya zauna a nan inda kake tsaye.”

Na ce, “Yaya, ina jirgina?”

Ya ce, “Ai shi nake gaya maka. Babu komai a ɗakin sai shayi. Ya ɗaga kwalin ya gani, ya ce masha Allah. Babban mutum ya yaba abu a ɗakinka, me za ka ce? Na ce nasa ne. Ya ƙi. Na sake, ya ƙi. Sai na ce wallahi sai ya ɗauka. Ya ce tunda na rantse ba zai sa ni kaffara ba.”

Na san al'adar, a cikinta na tashi. Baƙo ya yaba, mai gida ya yi tayi, baƙo ya yi godiya, kowa ya tashi da mutuncinsa, kaya na nan inda yake. Amma Yaya sai da ya kai abin ga rantsuwa, kuma a kan kayan da ko gutsure ɗaya bai liƙa ba. Na ce, “Da izinin wa? Me ya hana ka ba shi agogonka? Me ya hana ka ba shi rediyonka?”

Ya ce, “Kai, ni kake ɗaga wa murya a kan roba? Abin ƙanena ba nawa ba ne? Wata biyu ya rage a sabunta mana iƙama, ka je ka ce ya dawo da kyauta in ka isa.”

Ban je ba. Na haɗiye, kamar yadda aka koya mana, na daina yi masa magana sai gaisuwa. Har yau ina ganin bai kyauta ba, kuma ba zan fasa faɗa ba. Ya ɗauki wata takwas na rayuwata ya yi wa kansa kwalliya da su a gaban babban mutum.

Bayan kwana biyu, da hantsi, kafili ya shigo gareji riƙe da jirgina a hannu ɗaya, kamar wanda ya sayo kifi. Sanda ɗaya ta karye, igiyoyin suna lilo. Ya dire shi a kan bencin aikina ya ce, “Yayanka mutumin kirki ne. Ya ce tsohon kaya ne da kuka tsinta. Dubi yadda ya yi tsatsa, ga hayaƙi, ga dauɗa. Wanke shi da tina ka fesa masa ruwan zinariya, zan sa shi a majalisa, inda nake karɓar baƙi. Bayan la'asar zan dawo.”

Tsohon kaya da muka tsinta! Ashe Yaya bai ma iya buɗe baki ya ce ƙanensa ne ya yi ba, don kada a ce yana zaune da mai wasan yara. Ni ma kuma me na ce? Na sunkuyar da kai na ce, “To, ranka ya daɗe.” Bakina ya saba da wannan kalma har ba ya jiran shawarata.

Tina shi ne ruwan da muke tsinka fentin mota da shi, kuma duk mai sana'ata ya san abin da yake yi wa irin wannan robar. Na sani sarai, ba zan yi wa kaina ƙarya ba. Da na ga dama da na ce masa zai lalace. Amma na tsaya ina kallon tsatsar da na yi mako shida ina zanawa, wadda aka kira dauɗa, na hango jirgin yana ƙyalli a majalisa ana shan gahawa ana cewa tsintuwa ce. Sai na ce a raina, tina ka ce, tina za ka samu. Na jawo kwanon da muke wanke bindigar feshi, na cika shi, na tsoma jirgin gaba ɗaya.

Fentin ya fara saki, ruwan ya koma ja. Igiyoyin suka ɓace nan take. Shingen jan ƙarfen ya saki ya nutse. Can sai bututun suka fara sunkuyawa ɗaya bayan ɗaya, daɓen ya yi yauƙi, bindigogin jirgin suka lanƙwashe. Ina tsaye ban tsamo shi ba. Ina jiran in ji sanyi a raina, amma ban ji ba.

Bayan la'asar kafili ya dawo, da wani akwatin gilashi a hammatarsa da ya sayo don jirgin. Ya leƙa kwanon, ya dube ni, ya ce, “Mene ne wannan? Kai ba mai fenti ba ne?”

A nan bakina ya buɗe, bayan ba sauran amfani. Da gurgun Larabcina, da ihu, har masu walda suka kashe injinsu. Na ce, “Ni na yi shi! Ba tsintarsa aka yi ba. Wata takwas! Tsatsar nan da ka gani da buroshi na zana ta, hayaƙin nan da yatsana na shafa shi. Nawa ne, kuma ba wanda ya tambaye ni!”

Na riga na sallama, na ce a raina yau sai filin jirgi, a kora ni gida. Sai mutumin ya ajiye akwatin a hankali, ya sa sanda ya ɗago abin da ya rage na hancin jirgin, inda ɗan jan tsatsa bai gama wankewa ba. Ya daɗe yana kallo. Ya ce, “Wannan zane ne? Wallahi na ɗauka ta gaske ce.” Sannan ya ce, “Me ya sa ba ka faɗa da safe ba? Kalma ɗaya. Da na mayar maka da abinka, har da akwatin. Ni ba na cin haƙƙin mutum.”

Wannan magana ta fi mini zafi a kan duk abin da Yaya ya yi. Da zagina ya yi, da na sami wanda zan ɗora wa laifin har abada. Ya tafi ya bar mini akwatin gilashin, ya ce in na yi wani in sa a ciki. An sabunta mana iƙama a kan lokaci. Yaya bai taɓa ba ni haƙuri ba har Allah ya yi masa rasuwa, iyakarsa ya ce shaiɗan ne ya shiga tsakani. Na yafe masa don zumunci, amma ban ce ya yi daidai ba. Ni kuwa ban sake haɗa wani jirgi ba. Akwatin na dawo da shi Gusau, yana nan a kan kabad ɗina babu komai a ciki.

Abin da na koya shi ne, ba a yin kyauta da gumin wani, ko da ƙanenka ne, ko da sarki ne ya yaba. Na kuma koyi cewa shirun da nake kira ladabi tsoro ne kawai, kuma shi ya tara mini fushin da ya cinye abina. Yaya ya ba da jirgin, kafili ya karya masa sanda, amma hannun da ya tsoma shi a tina nawa ne. Tun daga ranar, in abu nawa ne nakan faɗa da bakina tun da safe, ko a gaban wa nake tsaye.