Ranar da Kawu Kethe Ya Kai Safiyo Gaida Duwatsu

Ku matsa gefe, ku buɗe hanya, yara ku share majina! Ga Kethe na ƙauyen Kallupodu, ƙanin uwata, sarkin masu hawa bishiya, mutumin da ƙudan zuma suka harba har suka gaji suka ƙyale shi. Tsayinsa bai kai kafaɗata ba. Haƙoransa shida, da kaina na ƙirga.

An haife shi shekarar da giwa ta zauna a kan rumbun kakarmu. Bai taɓa leƙa aji ba. Ni kuwa na yi aji bakwai kafin mu yi baram-baram da malamin lissafi, shi ya sa nake karanta wa ƙauye takardun gwamnati, rabi in karanta, rabi in ƙaga. Tun yana ƙarami Kawu yake cirar zuma, kuma in ya hau ba ya kwashe saƙar duka, sai ya bar wa ƙudan rabonsu. Matarsa, Goggo Masani, ta ce shekara arba'in ke nan ƙuda sun fi ta shan zumar mijinta.

Cutarsa ɗaya ce, gaisuwa. Kowace zuriya a dajinmu tana da duwatsun kakanninta. Namu arba'in da bakwai ne, kuma shi kaɗai ya rage da ya san su duka. Ba ya wuce ko ɗaya. Sai ya tsaya, ya sauke mayafinsa daga kafaɗa, ya ba dutse labarin gida kaf. In aka aike shi ɗebo itace da safe, sai tuwon tamba ya huce ya yi tauri bai dawo ba.

Bara aka kawo takarda. Wannan kam ban ƙaga komai ba: an ware dajin don damisa, za a sauke mu zuwa bakin titi, sai fa in mun nuna shaidar cewa tun kaka da kakanni nan muke. Aka turo safiyo mai awon ƙasa, Madam Sunanda, da na'urarta da taswira. Yini ɗaya ta ba mu. Ta ce a kai ta duwatsun har na kan iyaka, ƙarfe huɗu motarta za ta tashi.

Jadeya, mai garinmu, ya ja Kawu gefe. "Kethe, don girman iyayenka, yau ban da gaisuwa. Nuna, ta danna, mu wuce."

Kawu ya ce to.

Dutse na farko, ya sauke mayafi.

"Kaka Bomma, mun same ku lafiya? Ni ne Kethe ɗan Mada, ɗan Kariya, ɗan Ranga, ɗanka. Jikanyar Jadeya ta haihu, namiji, kunnensa irin na ubansa, sai haƙuri. Cilakowa ta rufe kanta a kogon ɓauren nan na gabas. Damisar rafi ta fito da 'ya'ya biyu, mun daina bi ta can."

Na ce, "Kawu, dutsen nan fa ba ya ji."

"Kai kana ji? Sau nawa aka ce ka yi aure?"

Madam ta duba agogo. Matsattsaku suna ta hawa takalminta, ina cire mata da tsinke. A dutse na uku Jadeya ya fara zufa. A na biyar ya zauna a kan kututture ya dafe kai, yana cewa, "Shi ke nan, ku je ku fara ɗaure kaya. A bakin titi ka gaida kwalta, Kethe!"

A na shida ne Madam ta daina duba agogo. Ta taɓa ni. "Sidda, me yake cewa?"

"Gulma ce, Madam. Wa ya mutu, wace bishiya ta faɗi, wace giwa ta yi ciki."

"Damisa nawa ya ambata zuwa yanzu?"

"Biyar, ban da yara."

"Mu a ofis guda uku kawai muka sani," in ji ta. Ta ciro waya ta kunna ɗaukar murya, ta ce kada wanda ya sake katse shi.

To, an ba Kawu fili! Ya jero kakanni har bakwai a kowane dutse, da wanda ya dasa wace bishiya, da tafkin da ba a kama kifi sai bayan damina, da gangaren da ba a yankan gora don giwaye na haihuwa a can. Har da bayanin raggon ɗan yayarsa, wanda Madam ta ce lallai in fassara. Ƙarfe huɗu ta cika muna dutse na tara. Iyaka kuwa ko hango ta ba mu yi ba. Ta shiga mota ta yi gaba.

Wata biyar Jadeya bai yi wa Kawu magana ba. Goggo Masani ta ɗaure tukwanenta a buhu, ta kwance, ta sake ɗaurewa. Shi kuwa yana ta gyaran igiyarsa ta hawa.

Ranar Talatar nan takarda ta iso, da hatimi har uku. Ba za a tashe mu ba. Zuma tamu, duwatsu namu, kuma an ce mu ne masu kula da yankin. Na karanta sau biyu don kada a ce ƙage ne, sannan na sheƙa da gudu. Na tarar da shi gindin wata doguwar bishiya, ya ɗaga kai yana kallon saƙa.

"Kawu! Gwarzon Kallupodu! Mai surutun da ya kayar da ofis! Gwamnati ta ba mu dajin!"

Bai ko sauke kansa ba.

"Da a wurinta yake? Matsa, ka taka min igiya."