Maraƙin da Na Shafa wa Baƙin Tukunya

Ko tsufa ya kwashe mini tunani, ranar da saniyata ta tona mini asiri a gaban jama'a ba za ta fita raina ba. Har yau idan na tuna sai na yi dariya, kunya kuma ta biyo baya.

A ƙauyenmu da ke kusa da Adabka abin ya faru, shekarar da wani farfesa ya zo daga jami'a. Dattijo ne gajere mai fara'a, an ce tun yana saurayi yake binciken haihuwar shanu, kuma likitocin dabbobi da yawa na yankinmu ɗalibansa ne. Ya zo da tulun ƙarfe mai fitar da hayaƙin sanyi, ya ce a ciki akwai iri, wato maniyyin bijiman waje masu baƙi da fari, waɗanda 'ya'yansu ke ba da nono da yawa. Yana son ya gano ko irin zai kama a jikin shanunmu. Ni da son a sani, ni na fara miƙa farar saniyata.

Ya sa safar hannu har kafaɗa, ya ɗura mata irin da wani siririn tsinke, ya rubuta a littafinsa. Sannan ya dube ni ya ce, "Sharaɗi ɗaya ne. Kada ka bari sa ya kusance ta. In ya hau ta, ba zan san na wa ya kama ba, aikina ya lalace."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ko ƙuda namiji ba zai sauka kanta ba."

Motarsa na ɓacewa zuciyata ta fara saƙa. Tsinke ya yi aikin bijimi? Haba! Da la'asar na ja ta zuwa mashaya, inda wani Bafulatani maƙwabcinmu ke shayar da garkensa, na saki igiya kusa da farin bijiminsa, na juya baya kamar ina duba gero. Da na dawo gida na ba Inna labari, ta dube ni ta ce, "Kai dai ka cika wayon banza. Mi za ka ce ma mutumen ga in ya dawo?" Na ce ai ba wanda ya gani.

Saniya ta ɗauki ciki. Wata tara ina yawo ina cika baki, wai ni ne mai saniyar bincike. Ranar da ta haihu gabana ya faɗi. Maraƙi fari fat, kunnuwa da goshi sak na bijimin maƙwabcina. Ga shi farfesa ya aiko cewa jibi zai zo da ɗalibansa su gani, su rubuta nasara.

Nan shaiɗan ya ba ni shawara, ni kuma na karɓa hannu biyu. Da safiyar zuwansu na kankare baƙin tukunyar Inna, na kwaɓa da man gyaɗa, na zana wa maraƙi baƙi a gadon baya da ƙugu da gefen ido. Aradu ya yi kyau. Inna ta ce, "Allah shi shirye ka," ta shige ɗaki.

Aka taru, rabin gari na tsaye, ɗalibai na ɗaukar hoto. Farfesa ya tsuguna yana kallon maraƙin. Ni kuma na manta abu ɗaya, saniya ba ta barin ɗanta da ƙazanta. Ta miƙo wuya ta fara lasa. Lasa ɗaya, rabin zanen ƙugu ya tafi. Na ce, "Kai! Tafi can!" Ina, ta ji man gyaɗa. Kafin a ce kwabo harshenta ya yi baƙi ƙirin, maraƙi ya koma fari.

Sai maƙwabcina ya leƙo ya ce, "Af! Wanga ai ɗan bijimina ne, ku dubi kunnen!"

Wuri ya kaure da dariya, har da masu faɗuwa ƙasa. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Farfesa ma ya yi dariya har da hawaye. Da ya natsu ya buɗe littafinsa, ya ja layi a kan lambar saniyata. Ya ce, "Ɗana, da ka gaya mini gaskiya tun farko, saniya ɗaya kawai na rasa. Da na rubuta wannan a matsayin nasara, ɗalibaina za su karanta, su koyar da wasu, talaka a Gummi ya yi aiki da ƙarya yana zaton ilimi ne. Duk abin da na tara tun ƙuruciya, amanar littafin nan ce." Wannan maganar ta fi dariyar mutane yi mini ciwo, na rasa inda zan sa fuskata.

Bai kore ni ba. Shekara ta zagayo ya sake ɗura mata, na tsare ta da gaske, ta haifi maraƙa mai baƙi na Allah da Annabi.

Abin da na koya shi ne, idan mai ilimi ya ba ka amanar aikinsa, ko dai ka riƙe, ko ka ce masa ba ka yarda ba tun yana tsaye. Ni na zaɓi wayo, kuma dabbar da nake ba dusa da hannuna ita ta fi ni gaskiya.